Kabarin abokin gaba: yadda garuruwan Ingila suka binne fursunonin Jamus

Yau tarihi zai kai mu nesa da gida, can tsakiyar ƙasar Ingila, wani dajin tudu da ake kira Cannock Chase, a arewa da birnin Birmingham. A cikin dajin nan akwai maƙabarta mai ɗauke da Jamusawa kusan 5,000. Sama da 2,100 daga cikinsu sun mutu a yaƙin duniya na farko, kusan 2,800 kuma a na biyu. Akwai matuƙan jiragen sama da aka harbo, akwai sojan ruwa da teku ta turo gawarsu gaɓa, akwai fararen hula da aka tsare saboda asalinsu, sannan akwai ɗimbin fursunonin yaƙi da suka cika a hannun Ingilishi.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, mafi yawansu ba nan aka fara binne su ba. Shekaru da dama sun yi a maƙabartun ƙauyuka da garuruwa ɗaruruwa, gefe da gefe da ƴan garin da suke yaƙi da su. To tambayar da muke so mu bi yau ita ce: in abokin gabarka ya mutu a hannunka, yaƙi na ci, ɗanka yana fagen daga ko ma an kashe shi, yaya za ka yi da gawar?

Bari mu fara da wani gari guda, don labarin ya fi kamuwa. Skipton ƙaramin garin kasuwa ne a yankin Yorkshire, arewacin Ingila. A farkon yaƙin 1914 zuwa 1918 an gina bariki a gefen garin, mai suna Raikeswood, don horar da samarin Bradford da suka shiga soja da kansu. Samarin suka tafi Faransa, kuma ranar 1 ga Yuli 1916, ranar farko ta gwabzawar Somme, aka yi musu mummunar ɓarna. Daga watan Janairu na 1918 sai hukuma ta mayar da barikin nan gidan tsare hafsoshin Jamus da aka kama. Ku duba lamarin: ɗakunan da ƴaƴan yankin suka kwana kafin su je su mutu, su ne aka zuba wa mutanen da suka fito daga rundunar da ta kashe su. Hafsoshi sama da 500 ne ke zaune a ciki, tare da ƙananan sojoji masu yi musu hidima.

An tsagaita wuta ranar 11 ga Nuwamba 1918, amma ba a saki fursunoni ba. Ƙasashen da suka yi nasara sun riƙe su har sai Jamus ta sa hannu a kan yarjejeniyar zaman lafiya, kuma hakan bai faru ba sai 28 ga Yuni 1919 a Versailles. A cikin wannan zaman jiran ne annoba ta shigo barikin. Ita ce babbar murar nan ta 1918 da 1919 wadda ta kashe miliyoyin mutane a duniya, fiye da waɗanda harsashi ya kashe a yaƙin. Mu ma ba ta bar mu ba: ta sauka a tashoshin ruwan Afirka ta Yamma, ta biyo hanyoyin fatake da layin dogo har ƙasar Hausa, inda tsofaffi suka sa mata suna marisuwa. A watan Fabrairu na 1919 ta kama barikin Skipton. Mutane cunkushe a ɗakunan katako, ga sanyin hunturu, ga jiki da ya daɗe bai ƙoshi ba. Cikin ƴan makonni fursunoni 47 suka mutu, mafi yawansu a asibitin soja da ke kusa da garin Keighley, inda aka kwashe su.

Mutum 47 da suka tsira daga igwa da iskar guba, suka ga ƙarshen yaƙi da idonsu, ajali ya same su wata uku bayan an daina harbi. An binne su a maƙabartar Morton, kusa da asibitin, maƙabartar da mutanen wurin ke binne nasu. Abokan zamansu sun raka gawarwakin ƙarƙashin gadi, daga baya kuma suka kafa musu dutsen tunawa. Sauran fursunonin ba su bar Skipton ba sai watan Oktoba na 1919. Da suka koma gida suka haɗa abin da suka rubuta da zane-zanen da suka yi a ɓoye, aka buga littafi a Munich a 1920, ƙarƙashin kulawar biyu daga cikinsu, Fritz Sachsse da Willy Cossmann. Shekara ɗari bayan haka, malamai da ɗaliban jami'ar Leeds da wasu ƴan sa kai suka fassara shi zuwa Ingilishi, ya fito a 2021. Ta nan ne jikokin mutanen Skipton suka ji labarin barikinsu daga bakin waɗanda aka kulle a ciki.

Kada wani ya ɗauka mutanen Ingila waliyyai ne da suka yi wannan da farin ciki. Akwai ɗaci, kuma wani labari daga kudancin ƙasar ya nuna shi a fili. A daren 2 zuwa 3 ga Satumba 1916, wani matashin matuƙi mai suna William Leefe Robinson ya harbo wani ƙaton jirgin balan-balan na Jamus, irin waɗanda ke zuwa da dare suna zuba wa Landan bama-bamai. Jirgin ya kama da wuta ya faɗi a ƙauyen Cuffley, mutum 16 da ke ciki duk suka ƙone. Rundunar sama ta Ingila ta ce za a yi musu jana'iza irin ta soja a maƙabartar Potters Bar. Jama'a da dama suka fusata, don a wurinsu waɗannan masu kashe mata da yara ne a kan gadonsu. Ranar jana'izar hanya ta cika, wata mata ta jefi akwatin gawa da ƙwai, har ta gurfana gaban alƙali. Duk da haka aka binne su. Hafsoshin Ingila ne suka ɗauki akwatin kwamandan jirgin, Wilhelm Schramm, wanda, abin mamaki, a yankin Landan ɗin aka haife shi.

Shi kuwa Leefe Robinson, da ya samu lambar yabo mafi girma ta ƙasarsa, a watan Afrilu na 1917 Jamusawa suka harbo shi a Faransa, ya zama fursuna a hannunsu. Ya dawo gida a Disamba 1918 jiki ya lalace, murar nan ta kama shi, ya rasu ranar 31 ga watan, yana ɗan shekara 23. Cutar da ta kashe fursunonin Skipton ita ta kashe gwarzon Landan. Mutuwa rigar kowa, kamar yadda muke faɗa.

To me ya sa hukuma ta dage a kan binne abokin gaba da mutunci ko da jama'a na gunaguni? Akwai tausayi da addini, ba mu musanta ba. Amma akwai lissafi mai sauƙi. Ingila na da dubban ƴaƴanta a sansanonin Jamus, su ma suna mutuwa can. Duk abin da ka yi wa gawar ɗan wani, shi za a yi wa gawar ɗanka. Kuma labari yana ƙetare fagen daga. Tun watan Agusta na 1914 ƙungiyar agaji ta Croix-Rouge ta buɗe wani ofishi a Jeneba wanda aikinsa tattara sunayen fursunoni daga ɓangarorin biyu, a kan katuna miliyoyi. In fursuna ya mutu, sunansa da wurin kabarinsa su bi ta nan su isa ga uwarsa. Kabarin da aka rubuta wa suna a wani ƙauyen Yorkshire tamkar wasiƙa ce zuwa wani gida a Bavariya.

Bayan yaƙin aka mayar da wannan al'ada doka. Yarjejeniyar Versailles, wadda Jamusawa suka tsana saboda tsananinta, tana da sashi na 225 da na 226 da suka wajabta wa kowane ɓangare kula da kaburburan sojojin ɗayan, har da na fursunonin da suka mutu a tsare. A 1929 yarjejeniyar Jeneba kan fursunonin yaƙi ta ce a binne wanda ya mutu a tsare cikin mutunci, a sa wa kabarinsa alama, a kiyaye shi. Ta 1949, wadda ke aiki har yau kuma Nijar na cikin ƙasashen da suka amince da ita, ta ƙara bayani a sashi na 120: in da hali a yi masa jana'iza bisa addininsa, a ba shi kabarinsa shi kaɗai sai in dole ta hana, a rubuta wurin a rijista ta yadda ko yaushe za a iya gano shi, kuma kada a ƙone gawa sai da ƙwaƙƙwaran dalili. Ke nan fursuna Musulmi yana da haƙƙin a binne shi a matsayin Musulmi ko a hannun wa ya cika.

Yanzu mu koma dajin Cannock Chase da muka ambata da farko. A lokacin yaƙin farko akwai manyan barikoki biyu a wurin, Brocton da Rugeley, inda aka horar da dubun dubatar sojoji. Daga 1917 aka ware wani sashe na Brocton ya zama sansanin fursunonin Jamus, mai asibitinsa. A kusa kuma sojojin New Zealand ne suka yada zango, mutanen da suka zo daga ƙarshen duniya don su yaƙi Jamus. Da murar ta zo ba ta tambayi kowa tutarsa ba. Aka buɗe ƙaramar maƙabarta aka riƙa binne duka. Har yau tana nan, da kaburbura 97 na sojojin Birtaniya da ƙawayenta, akasarinsu ƴan New Zealand, da kaburbura 286 na Jamusawa. A maƙabartar sojan Ingila, abokan gaba sun ninka masu gida kusan sau uku, kuma ma'aikata ɗaya ke yanke ciyawar duka.

Yaƙin duniya na biyu ya maimaita abin da girma fiye da na farko. A 1946, shekara guda bayan faɗuwar Hitler, fursunonin Jamus a Birtaniya sun kai kimanin 400,000. Suna aikin gona, suna share ɓaraguzai, suna gina gidaje. Na ƙarshensu ba su tafi ba sai 1948, wasu dubbai kuma suka zaɓi zama. Masu son ƙwallo sun san ɗaya daga cikinsu, Bert Trautmann, golan Manchester City da ya ƙarasa wasan ƙarshe na kofin FA a 1956 da karyayyen wuya. Wasu kuwa ba su kai ga komawa ba. Raunin da suka zo da shi ya kashe wasu, tarin fuka da hatsarin aiki suka kashe wasu, akwai kuma waɗanda suka kashe kansu da labari ya zo musu cewa garinsu ya ƙone ko iyalinsu sun ɓace. Su ma maƙabartar garin da ke kusa da sansani ce ta karɓe su.

Ta haka kaburburan Jamusawa suka warwatsu a wurare ɗaruruwa, nan biyu, can goma, can arba'in. A wasu ƙauyuka akan samu mai share su da ajiye fure. A wasu kuwa gicciyen katako ya ruɓe, suna ya fara gogewa. Iyalai a Jamus, in ma sun samu kuɗin tafiya, sai sun sha wuya kafin su gano ƙauyen. Akwai wata ƙungiya ta Jamusawa da aka kafa tun 1919 don kula da kaburburan yaƙi, ana kiranta Volksbund a taƙaice, wadda ke dogaro sosai da gudummawar jama'a. Ita ce ta ɗauki nauyin tattara su. Ranar 16 ga Oktoba 1959 gwamnatin Birtaniya da ta Jamus ta Yamma suka sa hannu a kan yarjejeniya, aka ba da fili a Cannock Chase, dab da tsohuwar maƙabartar nan. A farkon shekarun 1960 ma'aikata suka bi gari gari suna tono ƙasusuwa, suna duba su da rijista, suna kai su sabon wurin. Mutanen Morton 47 suna ciki. Ma'aikatan jirgin Cuffley ma suna ciki, an haɗa su da na wasu jiragen balan-balan uku a wani keɓantaccen wuri. An buɗe maƙabartar a watan Yuni na 1967. Ba duka aka kwashe ba: waɗanda ke cikin filayen da hukumar kaburburan yaƙi ta Birtaniya ke kula da su an bar su inda suke.

Wanda ya je wurin yau zai ga duwatsu masu duhu a jere cikin ciyawa da itatuwa, da sunaye da ranar haihuwa da ranar mutuwa. Wani kwari ya raba matattun yaƙin farko da na biyu. Babu hoton nasara, babu kirari. Tun 1962 matasa daga birnin Bremen na Jamus da takwarorinsu na yankin Staffordshire ke haɗuwa lokacin hutu suna gyaran kaburburan tare.

Wannan tattarawar ta zo da riba da hasara. Ribar a bayyane take, don sunayen sun tsira kuma iyali sun san inda za su nufa. Hasarar ita ce garuruwan sun rabu da wani abu da ke tuna musu tarihinsu. Muddin kabarin Bajamushe na nan kusa da na kakanka, yaro zai tambaya wane ne wannan, me ya kawo shi nan. Da aka kwashe su sai tambayar ta mutu, har wasu garuruwan suka manta an taɓa yin sansani a bayan gidajensu. Shi ya sa a ƴan shekarun nan masu binciken tarihin gari, kamar na Skipton, suke ta tono takardu don su maido da abin da aka manta.

Akwai wani abu mai nauyi da bai kamata mu tsallake ba. Ba duk wanda ke kwance a Cannock Chase ne yaron da aka tilasta wa shiga soja ba. Akwai Ernst Busch, ɗaya daga cikin manyan kwamandojin Hitler, wanda ya mutu a tsare a 1945. Akwai Maximilian von Herff, janar a rundunar SS, ƙungiyar da ta gudanar da sansanonin kisan Yahudawa. Su ma dutse irin na kowa aka ba su. Kabari ba ya wanke laifi, kuma ba don a wanke su aka binne su ba. Hukuncin abin da mutum ya aikata aikin kotu ne da tarihi, sannan yana gaban Mahaliccinsa. Ita gawa ba ta iya kare kanta, kuma yadda aka yi da ita yana nuna halin mai binnewa ne fiye da halin wanda aka binne.

A nan ne labarin ya taɓo mu. A yaƙin nan guda, Faransa ta kwashi samari daga duk ƙasashen Afirka ta Yamma da take mulka, har da Nijar, ta sa musu suna guda, tirayar na Senegal, ko daga ina mutum ya fito. A watan Yuni na 1940, lokacin da Jamus ta mamaye Faransa, dokar Jeneba ta 1929 tana aiki kuma Jamus ta sa mata hannu. Amma a wurare da dama sojojin Jamus sun ware baƙaƙen fursunoni daga farare suka harbe su. A Chasselay, kusa da birnin Lyon, ranakun 19 da 20 ga Yuni, haka aka yi wa tirayar da suka riga suka miƙa wuya. Mutanen ƙauyen ne suka tattara gawarwakin suka rufe. Daga baya wani jami'in kula da tsofaffin sojoji, Jean Marchiani, ya tsaya kai da fata har aka gina musu maƙabarta mai jan bango irin ginin ƙasar Sudan ta Yamma, aka buɗe ta a Nuwamba 1942, yaƙi bai ma ƙare ba. Tirayar 188 ke kwance a ciki, da dama daga cikinsu babu suna.

Na biyun ya fi ciwo. Tirayar da suka yi shekara huɗu a sansanonin Jamus, aka sako su, aka maido su barikin Thiaroye kusa da Dakar. Suka nemi a biya su kuɗinsu da aka riƙe. Da safiyar 1 ga Disamba 1944 sojojin Faransa suka buɗe musu wuta. Rahoton soja na lokacin ya ce mutum 35, a 2014 shugaba Hollande ya ambaci aƙalla 70, wasu masana tarihi kuma suna cewa ɗaruruwa ne. Sai a Nuwamba 2024 shugaban Faransa ya amince a rubuce cewa kisan kiyashi ne. Kaburburan da ke maƙabartar sojan Thiaroye babu suna a kansu. Ku ajiye biyun kusa da juna. Janar na SS yana da dutse da sunansa da ranar haihuwarsa a ƙasar abokan gabarsa. Sojan da ya yi wa Faransa yaƙi, ya sha ɗauri dominta, shekara tamanin ana gardama a kan adadinsu da inda aka zuba su.

Bambancin ya samo asali ne daga abu mai sauƙi: wani ya ɗauki alƙalami ranar da aka yi binnewa, wani kuma bai ɗauka ba, ko ya ɗauka ya ɓoye takardar. An iya kwashe mutanen Morton bayan shekara arba'in da ƴan kai, kowa da sunansa, saboda wani magatakarda a 1919 ya rubuta wane ne a rami na nawa. Mu a al'adarmu ba mu cika gina kabari ko rubuta suna a kansa ba, kuma muna da dalilanmu na addini. Amma rijista a ofishin magajin gari ko a hannun mai kula da maƙabarta ba ta saɓa wa komai. Yankinmu na Sahel yau yana ganin gawarwakin da ba a san masu su ba, na rikici da na matafiyan da hamada ta cinye. Kowane ɗayansu akwai gidan da ke jiran labarinsa. Wanda ya rubuta rana da wuri da kamanni kafin a mayar da ƙasa ya yi wa wannan gidan aikin da babu wanda zai iya yi daga baya.

In akwai wanda kakansa ya je yaƙin Turawa bai dawo ba, ko ya dawo da labarin zaman fursuna, a tambayi tsofaffin gida tun suna raye, a rubuta sunan da garin da shekarar. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba ƙasarmu zaman lafiya. Sai mun sake haɗuwa.